Kwallin Idona da Kakan Giya

Farar rigarsa na fara gani. Ya sauko daga motar haya ta danfo a bakin layinmu a Agege, ko ɗigon gumi babu a jikinta, na ce a raina ga irin wanda ake rubutawa a littattafan soyayyar da nake haya. Ashe malamin Turanci ne a Iyana Ipaja. Ba a yi wata ba ya nemi izinin zuwa zance wajena.

Ranar, tun azahar nake gaban madubi. Innata kwalli take sayarwa a kasuwa, na ɗebi mai kyan na rambaɗa. Abu ɗaya nake son ji, ya ce idanuna sun hana shi sukuni.

Bayan la'asar muka zauna a benci a ƙofar gida, Inna na ciki tana tsince shinkafa. Ya zuba mini ido har na sunkuyar da kai.

"Kwalli ne wannan?"

"Eh, Malam."

"Kin san da shi da giya kakansu ɗaya?"

Ya gyara zama kamar yana gaban aji. Wai Larabawa na kiran kwalli alkuhul, Turawa suka ara suna kiran kowane gari mai laushi da shi, daga baya suka laƙaba wa tataccen ruwa, har ya zama alcohol. Yana ƙirga kakannin kalma da yatsu, ni ina zaune da kwalliyata, sauro na cin ƙafata.

Inna ta leƙo. "Ɗan nan, giya ka ce nake sayarwa?"

"A'a Inna, asalin kalmar nake nufi. Bari in faro miki."

Kuma ya faro ɗin! Ta bar shi ya kai aya, sannan ta yi masa tambayar da ake yi wa duk mai neman aure.

"To kai naka asalin fa? Wane gari, gidan wa?"

Ya sosa ƙeya. "Wajen Zazzau dai, Inna."

Wannan dai zan iya yafe masa, a Legas aka haife mu duka. Amma mutum ya dubi idon budurwa ya hango tarihin Bature? Da ya dawo washegari na aika aka ce ba na nan.

Shekaru bayan nan na ji yana Idi-Araba, yana yi wa marasa lafiya 'yan Arewa tafinta a asibiti, har yau ba aure. An ce in likita ya faɗi kalma ɗaya, shi sai ya fassara da goma, mai ciwo na nishi yana jira.