Jita Ɗaya, 'Ya'ya Biyu

Dogo muke ce masa, ko da yake ba wani tsawo gare shi ba, yatsunsa ne dogaye. Tun muna yara muke tare, ni da ganga, shi da jitar lantarki, ƙaninsa Auta da wata jitar. Da rana fentin motoci Dogo yake yi a gareji, yana shaƙar feshin fenti da tsumma ɗaure a hanci. In la'asar ta yi sai mu haɗu a ɗakin da ke jikin na mahaifiyarsu, Inna, mu yi gwaji kafin ranar da za a kira mu wasa.

Auta bai taɓa shiga kiɗa a kan lokaci ba. Kullum yana bayan yayansa da ɗan ƙiris, kamar ƙiftawar ido, tsirkiyarsa ɗaya kuma kullum da ɗan sako-sako. Dogo ya yi faɗa har ya gaji.

"Kai, wai kunnen naka na ado ne?"

"Yaya, ladabi nake maka fa. So kake in sha gabanka?"

Amma wannan lattin shi ne daɗin kiɗansu. In su biyun suka kama waƙa ɗaya, sai sautin ya yi kauri, yana ɗan rawa kamar ruwa a cikin kwano. Inna tana jin su ta bango. Idonta ya riga ya tafi a lokacin, amma kunnenta garau. Takan ɗaga murya ta ce, "Ga babba, ga makararre."

Wata rana Auta ya faɗo daga saman wani gini da yake ja wa wayar wuta. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Aka gaya wa Inna, ta yi kuka, aka yi zaman makoki, aka watse. Sai dai tsufa ya fara cin tunaninta tun kafin nan. Ba a daɗe ba, wata yamma Dogo ya ɗauki jitarsa shi kaɗai, sai muka ji muryarta.

"Ina Auta? Na ji kai kaɗai."

Dogo ya shiga ya durƙusa ya gaya mata. Ta yi kuka irin na ranar farko, har da faɗuwa daga bakin gado. Kashegari ta sake tambaya. Ya bar kiɗan gaba ɗaya, sai ta koma tambayar me ya sa gidan ya yi tsit, ko yaran sun yi faɗa ne. Ko ya kaɗa ko ya bari, ƙarshenta dai sai an sake kashe mata ɗa. Na ga Dogo ya fito daga ɗakinta ya jingina da bango, ya ce da ni, "Ɗan uwa, ba zan iya binne yaron nan kullum ba."

Shi ya zo da shawarar fedar korus. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne da ake ajiyewa a ƙasa, a jona shi tsakanin jita da lasifika. In ka taka shi, sai ya kwafi abin da ka kaɗa, ya sake shi a bayanka da ɗan jinkiri, ya ɗan karkatar da shi kaɗan, mai sauraro ya ji kamar mutum biyu ne ke kiɗa. A da Dogo raina shi yake yi. Yakan ce wanda ba shi da ƙane ne ke sayen wannan.

Na raka shi shagon kayan kiɗa. Mai shagon ya fito da wata sabuwa fil mai kunnuwan murɗawa har shida, ya jona masa. Dogo ya taka, ya kaɗa, ya rufe ido. Sautin ya fito fes, kamar gilashi.

"A'a, maigida. Wannan ta cika tsabta."

"Ikon Allah! Tunda nake ban taɓa jin wanda ya ƙi kaya don sun yi kyau ba."

"Wanda nake nema ba ya zuwa daidai. Ba ka da mai ɗan kuskure?"

"Kuskure ai sai dai ka ba abokin nan naka jitar," in ji mai shago yana nuna ni. Muka yi dariya, rabon Dogo da dariya tun rasuwar.

Ya gwada wata, ya ce muryarta ta biyu siririya ce, Auta kuwa hannunsa nauyi gare shi. Ya gwada wata, ya ce tana lilo kamar mashayi. Daga ƙarshe mai shagon ya jawo wata tsohuwa daga ƙarƙashin kanta, fentinta ya goge a inda ƙafafun mutane suka yi ta takawa. Kunnuwa biyu kacal gare ta, ɗaya na sauri, ɗaya na zurfi, tana kuma ɗan huci ko ba a kaɗa komai ba. Dogo ya mayar da na saurin can ƙasa, ya ɗaga na zurfin kaɗan. Ya kaɗa waƙar da suke buɗe gwaji da ita. Tsikar jikina ta tashi. Bai kai ƙarshe ba ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin.

"Naɗe min ita," ya ce, bai ɗago kai ba.

A gida bai yi gaggawa ba. Ya yi kwanaki yana murɗa kunnuwan da abin sauraro a kansa. Ya ce in sauri ya yi yawa, muryar ta biyu kyarma take kamar mai zazzaɓi, in zurfi ya yi yawa, kowa zai gane inji ne. Fedar tana da ramin fita biyu, sai ya jona lasifika biyu, tasa a inda yake zama, ta Auta a gindin taga inda Auta ke zama. Da ya samu inda yake so, ya ɗiga wa kowane kunne jan fenti daga gareji, ya manne su da salatif.

Ranar da ya fara taka ta yadda Inna za ta ji, ina kan ganga. Muka yi baiti ɗaya. Ta bango muka ji Inna ta ce, "Ga babba, ga makararre." Dogo ya ci gaba da kiɗa hawaye na ɗiga a kan jitar, bai tsaya ya share ba.

Haka aka yi shekaru. In ta ce a turo mata Auta, sai Dogo ya ce ya fita da sauri, kin san halinsa. Ta ce, "Ja'iri." Sau ɗaya batir ya yi sanyi, sautin ya shaƙe, ta ce ko Auta ba shi da lafiya ne. Tun daga ranar Dogo bai ƙara yarda aljihunsa ya rabu da sabon batir ba. A wurin wasa kuwa bai taɓa taka fedar ba. Ya ce wannan ba ta jama'a ba ce.

Tari ya fara masa a hankali. Likita ya ce fenti ya cinye huhunsa. Ya rame har zoben aurensa na zamewa, amma kiɗan la'asar ba ya wuce shi. Da tsayuwa ta gagara, sai ya kaɗa a zaune, yana tura fedar da diddige. A gadon asibiti ya kama hannuna, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Ka iya waƙar nan a jita ai, ko da dai kisan gilla kake mata. Kada ka taɓa kunnuwan fedar."

Allah ya jiƙan Dogo. Ban taɓa samun aboki irinsa ba, ba kuma na sa ran samu.

Bayan an binne shi, matarsa ta gaya wa Inna. Ta yi kuka, ta manta. Da aka kwana biyu ta fara tambayar me ya sa gidan ya yi tsit. Matar ta aiko aka kira ni. Na same ta a bakin ƙofa idonta jawur.

"Yaya, ni dai ba zan sake faɗa mata ba. Ka yi wani abu."

Na shiga ɗakin. Warin fenti na nan a jikin igiyar jitar. Na rataya ta, na kunna lasifika, na fara waƙar da yatsuna gajeru masu saba da sanda. Saboda ruɗewa na manta ban taka fedar ba. Ina ja, ina tuntuɓe, ina latti.

"Auta!" in ji Inna, muryarta cike da murna. "Yau kai ka riga shi? To ina yayan naka?"

Matar Dogo ta toshe bakinta da gyale. Na kai ƙafa na taka a inda fentin ya goge. 'Yar jar fitilar ta kama, murya ta biyu ta fito daga gindin taga. Inna ta kasa kunne.

"Yauwa, ga shi nan. Amma yau har babban ma jan ƙafa yake."

Na kai waƙar ƙarshe da ƙyar. Ina ajiye jitar sai ta sake magana.

"Abokin nan nasu mai ganga fa? Ban ji shi ba."

Muka kalli juna ni da matar Dogo. Ita ce ta amsa.

"Ya yi tafiya, Inna."

"Allah sarki. Allah ya dawo da shi lafiya."

Gangunana suna nan a kusurwar ɗakin, na lulluɓe su da zane. Kullum la'asar ina zuwa, da sabon batir a aljihuna.