Tsattsewar Zauren Kaka Indabo

Duk wanda ya zauna layinmu a tsohuwar Zongo ta Wagadugu ya san Kaka Indabo mai waina. Ni jikarta ce, don haka na fi kowa shan faɗanta. Daga Birnin Konni mijinta direba ya kawo ta tana amarya, ya rasu ya bar mata gida da ɗa guda, babana Audu.

Kaka ba ta kiwon ko kaza, amma ta san tsuntsayen gidanmu kamar ita ta raɗa musu suna. Kurciya a wurinta malalaciya ce: tsinke kaɗan a kan katanga, wai ta yi gida ke nan. Tsattsewa kuwa ita ce 'yar gaban goshi. Kullum in ta wanke shinkafar waina, sai ta zuba ruwan a gindin randa har ƙasar ta yi laushi. Nan tsattsewa ke sauka su ɗebi laka da baki, su je su liƙa a ƙarƙashin rufin zaure. Mai sayen waina ya yi ta miƙo kwano, Kaka na can ta ɗaga kai tana duba aikin magina.

A shekarar 2003 aka ce unguwar za ta tashi, aka ba mutane filaye a bayan gari. Kowa ya hau ɓalle rufinsa da ƙofofinsa don ya rufa sabon ɗaki. Babana ya zo da motar kaya, aka kwashe rufin ɗakuna, saura na zaure. Kaka ta jawo kujerarta ta zauna a tsakiyarsa.

"Inna, kamiyo na jira," in ji Baba. "In ba mu cire tol ɗin ruhin ga ba, da mi za mu ruhe ɗakinki?"

"Akwai 'ya'ya a sheƙa," ta ce. "Gashinsu bai gama hitowa ba. Ka cire, rana ta gasa su?"

"To in katafila ta riga mu fa?"

"Ba ta riga mu. Na ga bakinsu ya fara duhu, sun kusa tashi."

Baba ya san uwarsa, ya ja motarsa ya tafi yana ƙunƙuni. Ni aka bari da ita. Gaskiya na ji tsoro, don kullum ƙarar rusau ƙara matsowa take yi. Kaka ko a jikinta. A zauren muke kwana, a nan take suya, masu aikin rusau ma suka zama masu sayen wainarta.

Ranar da katafila ta shigo layinmu, ɗa guda ya rage a bakin sheƙa, yana leƙe yana komawa. Kaka ta fita da faranti cike da waina, ta ce wa direban ya ci tukuna. Yana cikin ci, uwar tsattsewar ta wuce ta gaban sheƙar da abinci a baki, ta ƙi tsayawa. Sai ɗan ya faɗo kamar zai sha ƙasa, ya buɗe fiffike, ya bi ta ta ƙofa.

"To, yanzu ku yi aikinku," in ji Kaka.

Ba a samu sararin cire rufin ba, tare da bango ya tafi. Ɗakinta na sabon wuri da zana aka fara rufa shi, haka ta shiga abinta.

Wurin fili ne fetal, ko bishiya babu. Duk da haka kowace safiya sai ta zuba ruwan shinkafa a gindin randa. Na sha yi mata tsiya, na ce ƙasa take shayarwa. Da damina ta kewayo, wata safiya ta ƙwala mini kira, ta kama hannuna ta sa na durƙusa. A kan lakar akwai ƙananan ramuka, sawun baki. Tun rasuwar mijinta ban ga hawayenta ba sai ranar.

"Tashi ki ce ma ubanki ya kafa mini katako a ƙarƙashin ruhin nan," ta ce. "Baƙina sun gano gida."