Shirun da Kawu ya sa ni

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Onitsha wajen kawuna, na shiga wani tsoro da har yau ban manta da shi ba. Kawu dillalin shanu ne, ni kuwa ban iya komai ba sai latsa kwamfuta. Ya ba ni ɗaki, ya ciyar da ni, amma haƙurinsa ya fara ƙarewa. Ya ce in wannan latse-latsen bai zama sana'a ba kafin babbar Sallah, in shirya bin tirela zuwa Arewa ɗauko shanu. Ni da ko rago ya ƙura min ido sai in canja hanya.

Ana cikin haka wani kamfani na ƙasar waje ya ce zai ɗauke ni in riƙa yi masa aiki daga gida, amma da sharaɗi. Sai na nuna gyara nawa da aka karɓa a kernel, wato zuciyar babbar manhajar da ke tuƙa kwamfutoci, wadda mutane daga ko'ina a duniya suke haɗa hannu su gina. Kowa na iya tura gyara, amma sai manyan da ke kula da ita sun yarda. Kuma duk abin da za su faɗa maka a bainar jama'a ne, ta imel ɗin da kowa ke karantawa, ba ya kuma gogewa.

Na san ban isa in taɓa zuciyar kanta ba, sai na raɓa ta gefe. Akwai tarin gwaje-gwaje da ake yi mata kafin a sake ta, kuma haɗa su da girka su wahala ce tsantsa. Hanyoyi barkatai, kowacce da dogon umarninta, wannan ta zube maka kaya a nan, waccan a can. Na sha wuyarsu har na haddace su. Sai na zauna na dunƙule su suka koma gajeren umarni guda, ka faɗi inda kake so a ajiye, shi ke nan. Na yi bisimilla na tura. Mai kula da sashen ya ɗauka ya sa a layin gwaji, ni kuwa har tafiyata ta canja.

Ina shagon abokina mai gyaran waya a bakin babbar kasuwa, inda nake zuwa cin arzikin janareta, saƙo ya shigo. Daga wani Bature ne, tsohon hannu, irin waɗanda tun ina rarrafe suke wannan aikin. Ba sallama, ba gaisuwa. Ya ce gyarana ya tsayar masa da injinan gwajinsa, me ya sa na cire tsohuwar hanyar?

Wallahi nan take na rufe kwamfutar na tare okada, ban ma san yadda na isa gida ba. A raina na riga na gama: na ɓata wa manyan duniya aiki, sunana ya shiga baki, kamfanin nan zai gani.

Kawu ya lura ban taɓa abinci ba, ya tsare ni sai da na faɗa masa.

"Babba ne a cikinsu?"

"Babba ne, Kawu."

"To ka kama bakinka. Babba na faɗa ba a tanka masa. Ka bari zuciyarsa ta sauka, sannan mu nemi wanda yake jin nauyinsa a je a ba shi haƙuri."

Shawarar ta yi min daɗi, don dama tsoro ya hana ni motsi. Na yi gum. Kullum in buɗe imel, in ga wani ya ƙara magana, wani na tambayar ina mai gyaran, in rufe. Abinci ya daina wuce min. Ko tirela na ji ta yi hon a titi sai in ga kamar ni ta zo ɗauka. Rannan mai kula da sashen ya rubuta cewa mai gyaran bai amsa ba, in bai ji daga gare shi ba kafin ya rufe karɓar gyare-gyare, zai cire nawa.

Na nuna wa abokina. Shi haifaffen Onitsha ne, ba ya taunar magana.

"Wait, tambaya aka yi maka, ka yi shiru? O boy, you dey craze? Can ba zauren Kawu ba ne fa. Abeg zauna ka ba shi amsa."

Na zauna, ga tsoron mutumin, ga tsoron saɓa wa Kawu. Na fara da ina gajiya, ina iyali, na jero ban haƙuri har ya kusa cika shafi. Abokina ya miƙo hannu ya goge duka. Abin da ya rage kaɗan ne: dalilin da ya sa na cire tsohuwar hanyar, da sabon gyara da ya mayar da ita, tana aiki kamar da, tana kai mutum ga sabuwar. Na yi mintuna yatsana na kan maɓallin kafin in danna, ina salati a zuci.

Amsar ba ta daɗe ba. Baturen ya ce ya gwada, yanzu ya yi. Sai ya ƙara layi ɗaya: nan gaba in riƙa amsawa da wuri, ya ɗauka na watsar da aikin ne. Ashe mutumin bai taɓa yin fushi ba, jirana kawai yake yi. Aka karɓi gyaran, kamfanin ya ɗauke ni.

Har yau in irin wannan saƙon ya shigo sai na ji ɗan tsoron nan, sai dai yanzu ina amsawa kafin ya zauna. Abin da ya fi tsaya min shi ne yadda ladabin da aka raine ni da shi ya kusa raba ni da abincina, kuma wanda ya fi kowa ƙaunata ne ya ɗora ni a kai.

Kawu har Allah ya karɓi abinsa yana ba abokansa labarin yadda shirun da ya sa ni ya sanyaya zuciyar Bature. Ina zaune a gefe yake faɗa, ya juyo ya ce, "Ko ba haka aka yi ba?" Ni kuwa in sunkuyar da kai in ce, "Haka aka yi, Kawu."