Elijah Mai Gwada Kabari

Yayana Elijah shi ne mai haƙa kabari a cocinmu, can wani ƙauye a bakin tafki kusa da Wara, ƙasar Ngaski. Ba aikin albashi ba ne. Shi manomi ne, gero da 'yar shinkafa, amma tun yana saurayi in aka yi rasuwa, kafin mata su gama kukan farko ya riga ya saɓa diga ya nufi makabarta. Ni ce ƙanwarsa, Grace, mai bandar kifi. Kowa a garin nan ya san bakina, ba sai na yi muku bayani ba.

Yana da wata ɗabi'a da ta hana ni sakewa. In ya gama haƙa, sai ya ajiye shebur, ya kwanta rigingine a cikin ramin, ya ɗora hannuwa a ƙirji, ya yi shiru. Ran da na fara gani na kawo masa ruwa ne, na saki kwanon na fasa ihu. Ya leƙo yana dariya, wai shi ne ya fi kowa tsawo a garin, in kabari ya ɗauke shi to zai ɗauki akwatin kowa.

Na ce, "Igiyar awo ta ƙare a duniya ne?"

Ya ce, "Igiya ba ta addu'a. Daga nan ƙasa, Grace, sama kaɗai ake gani. Nakan tambayi kaina, in yau ne fa, na shirya saduwa da Ubangiji?"

Inna kuwa abin daɗi yake mata. Takan ce, "Nawa kai za ka haƙa, Elijah, ka gwada mini shi da kyau." Ya yi mata alkawari a gabana, ba sau ɗaya ba.

Sai zinare ya ɓulla a dajin bayan gari. Wayyo, zinare! Samari suka watsar da gona da komar kamun kifi. Injin niƙa dutse ya riƙa kuka har ranar Lahadi, muna cikin sujada muna jin sa ya fi muryar fasto. Wani mai ramin zinare, Maikuɗi, ya zo har gida neman Yaya, wai yana son mutumin da ƙasa ba ta ba shi tsoro. Yaya ya ce na ɗan lokaci ne, rufin kwano kawai zai yi wa Inna. Aka yi rufin. Aka sayi babur. Aka sayi waya mai hoto. Kujerarsa a coci ta zama wurin ajiye jakunkunan mata. Aka yi rasuwa, aka sake yi, wasu suka haƙa, babu wanda ya kwanta a ciki. In na yi magana sai ya ce, "Ubangiji ya san zuciyata." Na ce shi ya sa nake jin tsoro.

Inna ta rasu wata safiya da damina, bayan 'yar jinya. Wayarsa ba ta shiga, don haka na hau acaɓa na tafi wurin haƙar zinaren da kaina. Ban taɓa zuwa wurin ba. Ramuka ko'ina, baki buɗe kamar rijiyoyi, ƙasar duk ta jiƙe da ruwan daren jiya. Aka nuna mini nasu. Wani mutum, Maliki, shi ke riƙe da igiyar da ake zura mutane da ita, ake jawo buhunan dutse.

Maliki ya ja ni gefe, fuskarsa ba daɗi. Ya ce in an sauka ƙasa, ramin gefe yake bi, kuma akan bar ginshiƙai na ƙasa ba a taɓa su, don su ne ke riƙe da rufin. To jiya an ga zinare yana ƙyalli a jikin ginshiƙi ɗaya. Sauran sun ƙi taɓawa, sun fito. Yaya ya ce zai ɗan kankaro gefe kawai.

Na durƙusa a bakin ramin na kwala kira. "Yaya! Inna ta tafi! Ka fito!"

Can na ji muryarsa, siririya, daga nesa. "Na ji. Ga ni nan tafe. Bari in cika buhun nan."

Buhu! Uwarka kwance an rufe ta da zane, kai kana cika buhu! Na zage shi, ban ɓoye muku ba, zagin da ban taɓa yi wa na gaba da ni ba. Ina cikin yi na ji ƙasa ta motsa ƙarƙashin gwiwoyina. Wani gum ya tashi daga ciki, ƙura ta busa mini a fuska, igiyar ta yi sanyi a hannun Maliki.

Ban san sadda na fara tonon ƙasa da yatsu ba. Maza suka ture ni, suka sauka da shebur. Musulmi na salati, namu na kiran Yesu. Mutuwa ba baƙuwarmu ba ce, da safen nan na rufe idon Inna da hannuna, kuma na san inda ta tafi. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne Yaya ya tafi a haka, kalmarsa ta ƙarshe a duniya buhu. Na ce, "Ubangiji, ko minti ɗaya ne ka ba shi, ya tuna da kai."

Rana ta karkata kafin su kai gare shi. Wani katako ne ya tokare ƙasar a saman kansa. Suka same shi kwance rigingine, a wuri daidai tsawonsa, ƙafar hagu a karye. Yana numfashi. Hannunsa na dama a dunƙule, sai da Maliki ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Dutse ne a ciki.

Yana asibiti a Yelwa aka binne Inna. Samarin coci suka haƙa kabarin, ya zo gajere, sai da aka ajiye akwatin a gefe, muna tsaye a rana, aka ƙara sara. Wannan ban yafe wa Yaya da wuri ba.

Da na je duba shi, ya kama hannuna yana kuka. Ya ce, "Grace, na kwanta a rami ba iyaka, kullum addu'a na zuwa da kanta. Ran nan na nema na rasa. Ina ta tunanin wa zai ɗauke buhuna. Duhun bai ba ni tsoro kamar wannan ba."

Yanzu ya koma gonarsa, ya koma kujerarsa, yana ɗingishi zuwa makabarta da digarsa. Mutane na cewa Allah ya yi abin al'ajabi, kuma ya yi. Amma injin nan bai daina kuka ba, an ma buɗe sababbin ramuka, kuma ni ce ke kai masa ruwa, ina ganin abin da ba su gani.

Makon jiya muka yi rashin wani dattijo. Na iso Yaya ya gama haƙa, yana tsaye a ciki, bai ji zuwana ba. Ya damƙo ƙasa daga bangon kabarin, ya murza ta a tafin hannu, ya karkata ta wajen hasken rana yana dubawa.

Na ce, "Yaya."

Ya zabura, ya dube ni, ya dubi hannunsa.

Na ce, "Zubar. Ka kwanta."

Ya buɗe hannun a hankali, ƙasar ta zube. Ya kwanta, ya ɗora hannuwa a ƙirji. Ban tafi ba. Na tsaya a bakin kabarin da kwanon ruwa a hannuna, har sai da na ga leɓensa sun fara motsi.