Muntaka Mai Inji da Idon Tahira

A wani ƙauye gabas da Gezawa, in ka ce Muntaka sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce mai inji kowa ya gane. Dogon mutum ne mai sanyin magana, kullum garin dawa ya yi masa fari fat tun daga hula har silifa. Da damina yana noma 'yar gonar gero da gyaɗa da ya gada, sauran shekara kuwa yana rumfar injin niƙansa.

Sai da suka jera maza shi da matarsa Larai, sannan Allah ya ba su Tahira. Tun tana rarrafe ta liƙe masa. Da ta yi wayo, ana tashi daga makaranta rumfar inji take nufa, ta haye buhu tana zuba masa labari da ihu saboda ƙarar injin.

Wata bazara idonta ya fara ƙaiƙayi. Takan murza har ta yi kuka. Farin idon ya yi ja, daga baya ya koma ruwan ƙasa, ga kwantsa mai yauƙi, in ta fita rana kuma sai ta runtse. Larai ta ce apolo ne, zai wuce. Bai wuce ba. Muntaka ya sayo maganin ɗigawa a kemis, ciwon ya lafa nan da nan. Amma da an daina sai ya dawo, saboda haka kwalba na ƙarewa ya sayo wata. A haka shekara ta zagayo.

Malamar ajinsu ce ta aiko cewa yarinyar ba ta ganin allo sosai. Ranar kasuwa ce, ranar da niƙa ya fi yawa, amma ya rufe injin ya kai ta asibitin ido a Kano. Can aka tura su wajen wata likita mai duba idon yara. Ta haska, ta auna, sannan ta ce a nuna mata kwalbar.

"Malam, kumburin ido ne, ƙura da zafi ke tayar da shi," in ji ta. "Wannan maganin yana kwantar da shi, amma in aka daɗe ana sawa ba likita, yana jawo hawan jinin ido. Ya fara taɓa na hagun. Allah ya taimaka kun zo yanzu."

Muntaka ya dubi kwalbar da ya daɗe yana sayowa da hannunsa. Likitar ta sauya magani, ta tambayi sana'arsa. Da ya faɗa, ta ce to kada Tahira ta ƙara zuwa wurin.

Wannan dokar ta fi maganin wuya. Tahira ta yi fushi, ta daina gaishe shi. Shi kuwa rumfar ta yi masa faɗi. Sai ya kafa ɗan zana a bayanta, ya riƙa rufe inji da la'asar, ya yi wanka a can, ya sauya kaya kafin ya shiga gida. Ranar farko Tahira ta tsaya tana kallonsa da ido a kumbure.

"Baba, ashe ba ka da furfura!"

Dariyar Larai ce ta raba faɗan. Daga ranar, shi ke tsoma tsumma mai tsabta a ruwan randa ya ɗora mata a ido, kamar yadda likita ta nuna, shi ke ɗiga maganin, shi ke mayar da ita asibiti duk ranar da aka sa musu.

Idon hagun bai dawo duka ba, amma ɓarnar ta tsaya. Yanzu tana ƙaramar sakandare, da tabarau, ƙaiƙayin sai jefi-jefi. Muntaka kuwa ya samo sabon hali: duk yaron da aka aiko niƙa yana murza jan ido, sai ya kashe inji ya raka shi gida ya yi wa iyayensa bayani. Wasu sun je Kano. Wasu kuwa dariya suke yi, suna ce masa Dakta, yana amsawa.