Kalmomi Biyar na Mai Agogo

Kalma nawa ka furta tun wayewar garin yau? Ɗari biyar? Dubu? Akwai wani mai gyaran agogo da biyar kacal suka ishe shi shekara talatin da takwas, kuma ba a taɓa samun wanda ya fita shagonsa bai gane shi ba.

Shagon taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance, a ƙarƙashin matakalar wani bene. Agogo arba'in da ɗaya ne rataye a bango, kowanne da nasa lokacin, har mutum ya shiga da hantsi ya ji kamar la'asar ta riga ta sauka a kusurwar hagu. Shi kuwa yana tsakiya, gilashin ido ɗaya maƙale a idon dama, hantsaki a hannu, yana leƙa cikin agogo kamar mai leƙa rijiya.

In ka shigo ya ce sannu, ya gaishe ka ke nan har da mutanen gida. In ya kara agogonka a kunne ya ce to, ma'ana ajiye, zai gyaru. Tukuna na nufin ka daina zarya. Kash kuwa ta'aziyya ce, ɗauki gawarka ka tafi. Mai tsadar ita ce yauwa: ba ya faɗinta sai agogo ya kwana uku a bango kusa da Tsoho, babban agogon da ya gada, bai yi gaba ko baya da minti ɗaya ba.

Matarsa takan ce da "to" ɗaya ya aure ta, har yau tana jiran sauran zancen. Shi dai sai murmushi.

A shekara ta talatin da tara yanar ido ta fara rufe masa gani. Ƙananan ƙusoshi suka riƙa narkewa a gabansa kamar gishiri a ruwa. Bai gaya wa kowa ba, amma babbar 'yarsa, mai 'ya'ya biyu, wadda ke karɓar aiki a kantar shagon shekara goma sha ɗaya, ta ƙirga: kash tara a mako guda, alhali da sai a yi wata ba a ji biyu ba. Shi ma ya sani. Ya yanke a ransa ƙarshen wata zai rufe shago, ya bar bangon ya yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Wata safiya ya zauna ya lumshe ido, yana sauraron bango kamar kullum. Ya san muryar kowanne: mai tari, mai gaggawa, mai jan ƙafa. Ya ƙirga. Arba'in da biyu. Ya sake ƙirgawa. Baƙuwar muryar siririya ce, can kusa da Tsoho, kuma ya gane ta: agogon hannun wata malamar asibiti ne, wanda da bakinsa ya yi wa kash ranar Litinin.

'Yar tana ta goge kantar shagon wadda ba ta da ƙura. Da ya juyo wajenta ta ce ai gani ta yi gawar tana motsi, shi ya sa ba ta bari an binne ba, ta gyara shi da hannunta.

"Baba, ko in sauke shi?"

"Tukuna."

Kwana uku yana zuwa da sassafe, ya kara kunne a nan, ya kara a can, kamar mai sauraron numfashin jariri. Ita kuma ta kasa cin abincin kirki. A rana ta uku Tsoho ya buga goma, ya sa ta karanta masa ƙaramin. Goma daidai.

"Yauwa," ya ce.

Sannan ya cire gilashin daga idonsa, wanda ya bar masa zobe a fata, ya goge shi da bakin riga, ya miƙa mata.

"Ungo."

Kalma ta shida ke nan. A cikinta akwai kujerar aikin, da hantsakin, da Tsoho, da shekarun duka. Yanzu shi ke zama a bakin kantar yana yi wa mutane sannu, kunnensa na bango.

Gobe ka gwada. Zaɓi mutum ɗaya a gidanku, ka tara duk abin da kake son gaya masa, ka nemo kalma ɗaya da za ta ɗauke shi. Ka faɗa, ka yi shiru, ka ƙirga zuwa goma.