Alu da Garken Cikin Salula

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka yanke mana kuran, wato wutar lantarki, sai rumfata ta cajin salula a bakin tashar Filinge ta koma fada. Ina da farantin rana biyu, kowa kuwa wayarsa a mace. A nan Alu ya samu wurin zama, a ƙarshen bencina, gefen da inuwa take daɗewa.

Alu makiyayi ne daga wajen Bonkuku, siriri, ya haura arba'in. Masu bindiga suka kore shanunsa wata rana da safe, ya kwaso iyalinsa ya dawo gari gidan ƙanwarsa Dija. Noma bai karɓe shi ba, ciniki kuwa ko goro aka ba shi ya sayar sai ya rabar. Kiwo kaɗai ya sani, a gari kuma ba mai tambayarsa. Ina ce masa Bafillace, yana ce mini Kaɗo, a haka muka saba.

Mushe Garba (da “Mushe” muke kiran malamin lakkwal, wato boko), wanda aka rufe makarantarsa a ƙauye, shi ya sa masa wani wasa a waya. Kowa yana zaɓen dabba ya shiga daji ɗaya da mutanen wasu ƙasashe. Waɗanda suka zaɓi ɓauna su yi garke su nemi ruwa da ciyawa, waɗanda suka zaɓi zaki su bi su da farauta. Da rubutu ake magana, da Faransanci. Alu ya yi aji shida, Faransancinsa yana ɗingishi amma yana kaiwa.

Wurin zaɓen dabbar akwai ɗan layi da ake ja da yatsa: dama ta ƙasaita, hagu ta ƙanƙance. Duk mai hankali dama yake ja har ƙarshe. Alu ya ja hagu, ya fito da 'yar ramammiyar ɓauna mai ƙahoni a karkace, ya ce saniyarsa ce.

Na ce, “Kai Bahillace, kyauta ce hwa. Ba a biyan girma. Ka ɗauki bajimi mana!”

Ya dube ni da tausayi. “Kaɗo, mi ka sani? Bajimi ba shi jan garke. Tsohuwar saniya aka bi, wadda ta sha rani da yawa. Duk wanda ya san shanu, in ya ga wagga shi san ita ag gaba.”

To, matsalar ke nan, a cikin wasan ba wanda ya san shanu. Yana shiga garke suka ɗauke shi maraƙi. Wata mata, Allah kaɗai ya san ƙasarta, ta rubuta cewa ita ce uwarsa daga yau, ya tsaya kusa da ita. Suka sa shi tsakiya suka kewaye shi da ƙattin jikinsu. Ni da Mushe Garba muka yi dariya har da hawaye. Alu bai yi ba.

Abu ɗaya yake so a duniya, kuma bai ɓoye ba: ya sake shiga gaban garke, a bi shi don ya san hanya. Ya kuwa san ta. Wata huɗu ya yi yana nazarin dajin nan na ƙarya. Ya gane tafkin da yake fara ƙafewa, ya gane kwarin da zakuna suke laɓewa. In rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke sai ya zana taswirar a ƙasa da tsinke yana yi mini bayani, ni da ban tambaya ba. Kullum yana rubuta musu kada su bi ta kwari, su bi ta tudu ko da ya fi nisa. Amsar da yake samu ita ce jariri ya yi shiru manya suna magana. Sai su bi wani ƙato mai wuya kamar turmi, ya kai su kwarin, zakuna su yi kaca-kaca da su. Gobe su sake bin ƙaton.

Abin ya riƙa ci mini rai, ba wasan ba, Alu. Mutum ya rasa komai, sa'an nan a wurin da girma yake kyauta ya ƙi ɗauka, saboda taurin kai. Ran wata kasuwa na gaji na daka masa tsawa a gaban mutane, na ce ko ya ja layin nan dama ko ya daina cika mini kunne. Har yau ina da-na-sanin bakina.

Ya ja. Saniyar ta kumbura ta cika fuskar wayar. Ya shiga garke bai rubuta ko kalma ɗaya ba, sai ga su suna matsawa suna ba shi hanya. Ƙaton nan ma ya koma bayansa. Matar da take kiransa ɗanta ta yi masa gaisuwar shugaba, ba ta ma gane shi ba. Na buga kafaɗarsa ina murna.

Ya ce, “Dakata, Kaɗo.”

Ya juya dabbar ya nufi kwarin zakuna da gangan, a hankali, don ya ga ko akwai wanda zai tsaya. Wata huɗu yana gaya musu wurin nan mutuwa ne. Ba wanda ya tsaya. Suka bi shi gaba ɗaya, aka cinye rabinsu. Sauran suka rubuta masa cewa ba laifinsa ba ne, gobe ma shi ne gaba.

Tun daga ranar bai sake rubuta musu komai ba. Yana zuwa da hantsi, ya ba ni wayar in sa a caji, ya karɓa, ya buɗe. Babban yatsansa yana kan gilashin yana tura dabbar, idonsa kuwa yana kan motocin da suke lodi zuwa Yamai. Garken ya ƙara yawa, har layi suke yi a bayansa.

Shekaranjiya na leƙa na ga sun yi nisa cikin wani fako da ba ko ciyawa ɗaya. Na ce, “Alu, ina kaka kai su haka?”

Ya ce, “Ban duba ba.”